Dalilan da ke sa fayil ya ƙi buɗewa ko gogewa idan an sauya masa kwamfuta

Ba sabon abu ba ne ma'aikaci ya ɗauko ma'adanar da ya tara takardun aiki a cikinta, ya jona ta da wata kwamfuta a gida ko a shagon buga takardu, sai a sanar da shi cewa ba shi da izinin buɗe su. Haka ma ɗan kasuwa kan so ya goge tsoffin fayiloli domin ya samar wa lissafin sabuwar shekara wuri, amma fayil ya kafe ya ƙi tafiya, ko kuma ya tafi ba tare da wurin ya ƙaru ba. Shawarar da aka fi saurin bayarwa a irin wannan hali ita ce a yi wa ma'adanar fomat. Wannan mataki kuwa yana tafiya da duk abin da ke ciki, har da jerin masu bashi, da takardun kwangila, da rahoton da aka shafe makonni ana haɗawa.

A mafi yawan lokuta lafiyar fayil ɗin ƙalau. Cikas ɗin kan fito ne daga ɗaya cikin wurare huɗu: izinin da aka rubuta a kansa, riƙon da wata manhaja ta yi masa, sunan da aka sa masa, ko kuma ita ma'adanar da kanta. Kowanne yana da maganinsa, kuma a cikin huɗun babu wanda fomat ya kamata ya zama matakinsa na farko.

Rajistar da ke cikin kowace ma'adana

Kowace ma'adana, ko filash ce, ko katin memori, ko babbar ma'adanar da ke cikin kwamfuta, tana ɗauke da wata rajista da ido ba ya gani. A cikinta ake rubuta sunan kowane fayil, da girmansa, da wuraren da aka ajiye sassansa. Yadda aka tsara wannan rajista shi ake kira tsarin fayil, kuma kowace babbar manhaja tana da wanda ta fi sabawa da shi.

Mafi tsufa cikin waɗanda ake amfani da su yau shi ne dangin FAT na kamfanin Microsoft, wanda ya faro a 1977. Nau'insa na FAT32 ya fito a 1996, kuma har yanzu da shi ƙananan filash da dama ke fitowa daga masana'anta, domin kusan kowace na'ura tana iya karanta shi, daga kwamfuta har rediyon mota. Sai dai ba ya karɓar fayil guda da girmansa ya kai gigabait 4. Wannan ne ya sa filash mai wadataccen wuri kan ƙi karɓar dogon bidiyon biki. A 2006 Microsoft ya fito da exFAT wanda ya kawar da wannan iyaka, kuma shi ne tsarin da katunan memori masu girman da ya haura gigabait 32 ke zuwa da shi. FAT32 da exFAT sun yi tarayya a abu guda mai muhimmanci: rajistarsu ba ta da gurbin rubuta mai fayil ko wanda aka ba izini.

Sauran tsare-tsaren suna da wannan gurbi. NTFS, wanda ya zo tare da Windows NT a 1993, shi ne tsarin babbar ma'adanar kwamfutocin Windows. Linux ya fi amfani da ext4 da aka kammala a 2008, yayin da Apple ya koma kan APFS a 2017 bayan ya daɗe yana amfani da HFS+. Dukkansu suna rubuta mai fayil da iyakar abin da wasu za su iya yi da shi, amma kowanne da salon rubutunsa. Windows ba ya karanta ext4 ko APFS kai tsaye idan an jona masa su, kuma sau da yawa yakan nemi a yi wa ma'adanar fomat. Wanda ya amince da wannan tayi ya share lafiyayyar ma'adana ne saboda kawai kwamfutarsa ba ta san rubutun da ke cikinta ba.

Izini yana bin lamba

A ma'aikatar gwamnati ana iya samun mutum biyu masu suna ɗaya, amma lambar ma'aikaci ce ke bambanta su a takardar albashi. Haka Windows yake yi. Duk asusun da aka buɗe a kwamfuta ana ba shi wata doguwar lamba ta musamman, kuma wannan lamba ce NTFS ke rubutawa a jerin masu izini. Idan aka sake ɗora wa kwamfuta Windows, ko aka cire ma'adanarta aka kai wata kwamfutar, sabon asusu zai samu sabuwar lamba ko da an sa masa tsohon suna da tsohuwar kalmar sirri. A idon rajista, mai fayil ɗin ya zama baƙo.

Maganin wannan shi ne mai babban asusun gudanarwa ya karɓi mallakar foldar, ta shafin Security da ke cikin Properties, sannan ya ba sabon asusun cikakken izini. Akwai iyaka guda. Idan an kulle fayilolin da rufin asiri, kamar na BitLocker ko na tsarin EFS, karɓar mallaka ba za ta buɗe su ba sai da mabuɗin da aka rufe su da shi. Saboda haka ya kamata a adana wannan mabuɗi a wani wuri daban tun kafin a kai kwamfuta gyara.

Akwai kuma fayilolin da Windows ya hana kowa taɓawa da gangan. Tun daga Windows Vista, muhimman fayilolin babbar manhajar suna ƙarƙashin mallakar wani asusu na cikin gida mai suna TrustedInstaller, wanda ko mai gudanarwa ba ya tsallake shi kai tsaye. Apple ma ya sa irin wannan kariya a kwamfutocin Mac tun 2015. Ƙwace mallakar irin waɗannan fayiloli domin a goge su yana iya hana kwamfuta tashi. Foldar Windows.old, da ke cin wuri mai yawa bayan an sabunta Windows, ta hanyar manhajar Disk Cleanup ake cire ta, kuma idan an bar ta Windows 10 da 11 kan share ta da kansu bayan kwana 10.

Yadda Linux da Mac suke kallon gogewa

Linux da Mac sun gaji tsarin izininsu ne daga Unix, babbar manhajar da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a cibiyar Bell Labs ta Amurka a 1969. A wannan tsari ana kasa jama'a gida uku: mai fayil, rukuninsa, da sauran mutane. Kowane gida ana iya ba shi izinin karantawa, ko rubutawa, ko aiwatarwa, kuma ana wakiltar su da lambobi 4 da 2 da 1. Fayil mai lamba 644 yana nufin mai shi zai karanta ya kuma gyara, saura kuwa karatu kaɗai za su yi.

Abin da ke rikita mutane da yawa shi ne, a wannan tsari gogewa ba ta rataya a kan izinin fayil ba. Goge fayil yana nufin cire sunansa daga jerin da ke cikin folda, don haka izinin rubutu a kan foldar ake dubawa. Mutum na iya mallakar fayil amma ya kasa goge shi idan foldar ba tasa ba ce, kuma yana iya goge fayil ɗin da ba ya ma iya buɗewa idan foldar tana hannunsa. A foldojin da jama'a ke tarayya a kansu akan sa wata alama ta musamman da ke hana mutum goge fayil ɗin wani. Linux yana kuma da alamar daskarewa, wadda idan aka sa wa fayil, ko babban mai gudanarwa ba zai goge shi ba sai ya cire ta. Kwatankwacinta a Mac shi ne akwatin Locked da ke cikin bayanan fayil.

A nan ma lamba ce ke aiki. Yawancin nau'o'in Linux suna ba asusun farko lamba 1000, Mac kuma 501. Idan aka kai ma'adana mai ext4 wata kwamfutar Linux da lambar mai amfani ta zo daidai, komai zai buɗe, idan kuma ta saɓa, sai a tarar da ƙofa a rufe.

Idan kwamfutoci uku suka haɗu a ma'adana ɗaya

Kwamfutar Mac tana karanta NTFS, amma ba ta rubutu a kansa sai an ƙara mata wata manhaja. Wanda ya jona ma'adanar waje da aka tsara a Windows zai ga fayilolinsa, zai iya kwafe su, amma ba zai iya gogewa ko ajiye sabon abu ba. Babu wani izini da zai gyara a nan, domin Mac ɗin ce ba ta da hannun rubutu a wannan rajista.

Masu kwamfuta guda da aka ɗora wa Windows da Linux tare suna haɗuwa da wani cikas daban. Tun daga Windows 8 da ya fito a 2012, idan an kashe kwamfuta Windows ba ya rufe komai gaba ɗaya. Yakan adana wani ɓangare na halin da yake ciki domin ya tashi da sauri a gaba. Linux idan ya tarar da ma'adana a wannan hali yakan buɗe ta don karatu kawai, saboda rubutu a kanta na iya lalata bayanai. Kashe wannan saurin tashi a saitin wutar Windows, ko sake kunna kwamfutar da Restart maimakon kashe ta, yana warware matsalar.

Mac kuma takan bar sawunta a kan filash. Saboda FAT32 da exFAT ba su da wurin ajiye wasu ƙarin bayanan da take riƙewa, sai ta ƙirƙiri ƙananan fayiloli masu suna iri ɗaya da na asali, waɗanda ke farawa da ɗigo da ƙaramin layi. A Windows sukan bayyana kamar tagwayen takardu da ba sa buɗewa, har wasu su zaci cuta ce. Ba su da lahani. Bayan haka, abin da aka goge daga filash a kan Mac yana komawa ne wata ɓoyayyiyar folda a cikin filash ɗin, kuma wurin ba zai ƙaru ba sai an zubar da kwandon shara alhali filash ɗin na jone.

Fayil ɗin da ke hannun wata manhaja

Windows kan hana goge fayil ko sauya masa suna matuƙar wata manhaja tana riƙe da shi. Ba lallai ne a ga manhajar a buɗe ba. Tana iya zama manhajar rigakafin cuta da ke bincika shi, ko manhajar da ke tura kwafinsa ma'adanar intanet, ko ma ɓangaren da ke nuna hoton takarda kafin a buɗe ta. A ofisoshin da ake tarayya a kan folda ɗaya ta hanyar sadarwa, abokin aiki da ya tafi sallah ya bar takardar Excel a buɗe ya isa ya hana kowa gyara ta. Rufe manhajar ko sake kunna kwamfuta yana sakin riƙon, kuma manhajar Resource Monitor da ke cikin Windows tana nuna wace ce ke riƙe da fayil.

A Linux lamarin akasin haka ne. Ana iya goge fayil yana buɗe, sunansa ya ɓace nan take, amma bayanansa za su ci gaba da cin wuri har sai manhajar ƙarshe da ke riƙe da shi ta sake shi. Wannan ne ke sa a goge babban fayil a ga ma'adana tana nan a cike.

Sunan da wata kwamfuta ba ta karɓa

Linux yana karɓar kusan kowane harafi a sunan fayil. Windows kuwa ya haramta alamomi tara, ciki har da ɗigo biyu na bisa juna, da alamar tambaya, da tauraro. Ya kuma keɓe wasu sunaye tun zamanin DOS, irin su CON da PRN da AUX da NUL, da COM1 zuwa COM9, da LPT1 zuwa LPT9. Fayil ɗin da aka sa wa irin wannan suna a wata na'ura, ko wanda sunansa ya ƙare da ɗigo ko sarari, yana iya bayyana a Windows amma ya ƙi buɗewa ya ƙi gogewa. Hanya mafi sauƙi ita ce a koma na'urar da aka ƙirƙire shi a sauya masa suna.

Tsawo ma yana kawo cikas. Manhajojin Windows da dama ba sa iya sarrafa fayil idan cikakken adireshinsa, wato sunayen duk foldojin da yake ciki haɗe da nasa, ya wuce haruffa 260. Masu zuba folda cikin folda, shekara cikin sashe cikin ma'aikata, su ne suka fi cin karo da wannan. Gajarta sunayen foldojin sama yakan isa. Haka kuma Linux yana ɗaukar babban baƙi da ƙarami a matsayin haruffa daban, ta yadda fayiloli biyu da bambancinsu girman harafin farko ne kawai za su zauna a folda ɗaya. Idan aka kwafe su zuwa Windows, za a ɗauke su suna ɗaya, ɗaya ya nemi danne ɗaya.

Waya da katin memori

Android a kan Linux aka gina shi, kuma kamfanin Google ya yi ta ƙara tsaurara izini. Tun nau'i na 4.4 a 2013 aka taƙaita ikon manhajoji na rubutu a katin memori, sannan Android 10 da 11 suka keɓe wa kowace manhaja wurinta. Shi ya sa wata manhaja kan nuna hoto amma ta kasa goge shi sai an ba ta izini. Daga Android 6 kuma wasu wayoyi suna ba da damar mayar da kati wani ɓangare na ma'adanar waya. Idan aka zaɓi haka, ana rufe katin da mabuɗin da ke cikin wannan waya kaɗai, kuma babu wata waya ko kwamfuta da za ta karanta shi. Idan wayar ta lalace, abin da ke katin ya tafi tare da ita.

Lokacin da laifin na ma'adana ne

Babban katin SD, da gidan da ake zura ƙaramin kati a ciki, suna da wani ɗan maɓalli a gefe wanda idan ya zame ƙasa yake hana rubutu da gogewa. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata a duba. Idan ba shi ba ne, a tuna cewa FAT32 da exFAT ba sa riƙe littafin bin sawun aiki irin na NTFS da ext4, don haka zare filash ana tsakiyar rubutu, ko ɗaukewar wuta, yana iya hargitsa rajistarsa. Manhajar chkdsk a Windows, da Disk Utility a Mac, da fsck a Linux suna gyara irin wannan, amma a kwafe abin da ake iya kwafewa kafin a sa su aiki.

Wasu filash da katuna, idan sun kusa ƙarewa, sukan kulle kansu su koma na karatu kawai. Wannan kullewa ba ta buɗuwa, kuma dama ce ta ƙarshe ta kwashe bayanai zuwa sabuwar ma'adana. Akwai kuma jabun filash da ke nuna girman da ba su da shi, waɗanda ke lalata fayiloli da zarar an wuce ainihin girmansu. Sai kuma cutar kwamfuta da ke yaɗuwa ta filash a wuraren da jama'a da yawa ke jona na'urorinsu, wadda ke ɓoye foldoji ta maye gurbinsu da alamomin bogi masu sunayensu. Foldojin suna nan daram. Bayan an cire cutar, umarnin attrib na Windows yana dawo da su fili.

Abin da gogewa take yi da abin da ba ta yi

Fayil ɗin da aka goge daga filash ko daga foldar sadarwa a Windows ba ya zuwa kwandon shara, kai tsaye sunansa ke fita daga rajista. Duk da haka bayanansa kan zauna a wurinsu har sai an rubuta wani abu a kansu, kuma haka lamarin yake bayan fomat na gaggawa. Wanda ya goge abu bisa kuskure ya daina ajiye komai a wannan ma'adana nan take, sannan a gwada manhajojin maido da bayanai irin su PhotoRec ko Recuva, a ajiye abin da aka samo a wata ma'adanar daban. A sabbin ma'adanai nau'in SSD damar ta fi ƙaranci, domin sukan share guraben da aka saki da kansu cikin ƙanƙanin lokaci.

Wannan yana da wata fuska ga ma'aikata da 'yan kasuwa masu riƙe bayanan jama'a. Kwamfutar da aka sayar ko aka yi gwanjonta bayan gogewa ta sama-sama tana iya bayyana sunaye, da lambobin waya, da bayanan albashi ga wanda ya saye ta. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa masu riƙe irin waɗannan bayanai alhakin kare su. Cikakken fomat, wanda tun daga Windows Vista yake rubuta sifiri a kan dukkan ma'adana, ya fi na gaggawa dacewa kafin a rabu da na'ura.

Matakan da suka kamata kafin fomat

Idan fayil ya ƙi buɗewa ko gogewa, a fara da kwafe muhimman abubuwa zuwa wani wuri. Daga nan a karanta saƙon da kwamfuta ta nuna da kyau, domin maganar izini daban take da maganar fayil yana buɗe, daban kuma da maganar an hana rubutu a ma'adana. A sake kunna kwamfutar, a duba maɓallin gefen kati, a kuma duba tsarin fayil ɗin ma'adanar a shafin bayananta. Idan matsalar ta fara ne bayan sauya kwamfuta, a mayar da ma'adanar inda ta fito a gwada.

Ga filash da zai riƙa yawo tsakanin Windows da Mac da Linux, exFAT ne ya fi dacewa, musamman tun da Microsoft ya wallafa ƙa'idojinsa a 2019 aka kuma shigar da shi cikin Linux. Amma tunda ba ya riƙe izini, duk wanda ya tsinci filash ɗin zai karanta abin da ke ciki. Takardun sirri na ofis da lissafin abokan ciniki suna buƙatar rufin asiri mai kalmar sirri kafin a ɗora su a kai, kuma kwafinsu na biyu ya kasance a wata ma'adana da ba ta fita daga ofis ko shago.